Marigayi Shaihun Malami Abdullahi Smith Da Bashin Da Ke Kan Almajirai

Duk wanda ya zauna a Wudil ya san garin malamai ne. Kwalejin Horon Malamai ta garin ta yi shekaru masu yawa tana yaye samari, ana rarraba su cikin makarantun ƙasar Kano, tun daga birni har ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da rani. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki cikin 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote cikin 2022. Garin da malamai suka yi yawa haka kuwa, ba a jimawa ba a ji an ce yau wane ya riga mu gidan gaskiya ba. Mu kan je jana'iza, mu zauna bisa tabarma a ƙofar gida har kwana 3, mu yi addu'a, mu ce Allah Sarki, shi ya koya mana riƙon alli. Ran sadakar arba'in mu sake haɗuwa, daga nan kowa ya kama gabansa. Littattafan mamaci da takardunsa kuwa a zuba su cikin adaka a tura ɗakin da ba mai kwana, bayan damina 2 ko 3 a buɗe a tarar gara ta riga magada.

To, abin da mu ke so mu duba yau tare da masu karatu shi ne, wane hakki ne malami ya ke da shi a kan almajiransa da abokan aikinsa bayan ƙasa ta rufe masa ido? Ba mu isa mu yi wa kowa wa'azi ba. Labari za mu kawo na wani malami da ya rasu cikin 1984, da irin makokin da mutanensa suka yi masa, don muna ganin akwai abin koyi a ciki ga malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi. Sunansa Shaihun Malami Abdullahi Smith. A Badun da Zariya da Kaduna ya yi aikinsa, amma duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo a Wudil ya ba da darasin Daular Sakkwato ko na asalin sarautar Kano, to, ya sha ruwan rijiyar da mutumin nan ya gina, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

BAƘON DA YA ZAMA ƊAN GARI

An haife shi a Ingila cikin 1920, iyayensa suka sa masa suna Henry Frederick Charles Smith. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya yi aikin koyarwa a ƙasar Sudan, inda ya zauna tsakanin Musulmi masu magana da Larabci. Cikin 1955 ya zo Nijeriya, ya kama aiki a sashen tarihi na Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda a lokacin ita kaɗai ce irinta a ƙasar nan. A can ya haɗu da Dakta Kenneth Dike, suka haɗa kai da waɗansu aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, Dike ne shugaba, shi kuwa magatakarda.

Ya kamata samarin yanzu su san yadda al'amari ya ke a wancan zamani. Tarihin Afirka da a ke koyarwa a manyan makarantu yawancinsa labarin zuwan Turawa ne: yadda Mungo Park ya bi Kwara har ya halaka a Busa, yadda Clapperton ya iso Kano cikin 1824, yadda sojan Gwamna Lugga suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Mutanen ƙasa kuwa sai ka ce itatuwan da baƙo ya wuce a bakin hanya. Har cikin 1963 wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shige ta.

Alhali kuwa tun cikin 1961 Smith ya riga ya buga wata maƙala a mujallar ƙungiyarsu wadda ta nuna akasin haka. A ciki ya nuna wa masana sun yi sakaci da babban al'amari, watau jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya tashi cikin 1804, da na Shehu Ahmadu a Masina cikin 1818, da na Alhaji Umaru Futi a bayansu. Ya nuna shugabannin nan malamai ne, sun rubuta dalilansu da manufarsu da hannunsu. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai ɗaruruwa, ban da wasiƙu da waƙoƙi. Saboda haka mai son sanin abin da ya faru sai ya koyi Larabci, ya je ya durƙusa gaban masu littattafan nan. Mu a wurinmu wannan ba baƙon labari ba ne, gama malamanmu na zaure ba su taɓa daina karanta su ba. Abin da ya ke sabo shi ne a ce jami'a ta zo zaure neman ilmi.

Haka kuwa aka yi. Wani saurayin Bature almajirinsa, Murray Last, ya tafi Sakkwato ya zauna wurin Waziri Junaidu, wanda ya ke riƙe da takardun gidan waziranci tun na zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Waziri ya buɗe masa taskarsa, ya kuma karantar da shi. Daga wannan zama aka sami digirin Dakta a Badun cikin 1964, da littafin da aka buga cikin 1967. Kafin nan Daular Fulani littattafan Turawa su ke cewa, kamar dai abin da ya auku faɗan kabila ne kurum. Tun daga littafin nan sunan Halifancin Sakkwato ya zauna a bakin masana na duniya, watau daula wadda aka kafa bisa aƙida da shari'a, mai Sarkin Musulmi da waziri da sarakunan da aka ba tuta.

AIKIN ZARIYA

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin Oktoba 1962, Smith ya baro Badun ya zo Zariya, shi ne ya fara shugabantar sashen tarihi. Babban aikin da ya sa gaba shi ne Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda jami'o'in Zariya da Badun suka haɗa hannu a kansa, rahotonsa na farko ya fito cikin 1966. Yadda a ke aikin shi ne, ma'aikatan shirin su bi gari gari, su nemi malamai da limamai da alƙalai masu tsofaffin littattafai, su roƙi aro, a ɗauki hoton kowace warƙa, a rubuta sunan littafin da na mawallafinsa da na mai shi da garinsu, sa'an nan a mayar wa mai abu da abinsa. Mayarwan nan kuwa ita ce jigon aikin, gama malami ba ya sake ba da aro ga wanda ya taɓa riƙe masa littafi. Da haka aka tara kofen littattafai masu ɗimbin yawa a Zariya, waɗanda ɗalibai su ke dubawa ba sai sun yi tafiyar mil ɗaruruwa ba.

Amma tara takardu rabin aiki ne, sai an reni masu karanta su. A sashen da ya kafa, kowane ɗalibi ya kan ɗauki ƙasa guda ko zamani guda ya bi shi har gindi. Sa'ad Abubakar ya ɗauki Fombina, watau Adamawa. Mahdi Adamu ya fara da Yawuri, daga baya ya bi sawun Hausawa cikin Afirka ta Yamma. Muhammad Nur Alkali ya ɗauki Barno ta zamanin Sefawa. Yusufu Bala Usman ya ɗauki Katsina, ya zaga garuruwanta har ya ƙetara Maraɗi yana zama da tsofaffi, ya sami digirinsa cikin 1974, aka buga littafin cikin 1981. Mahmud Tukur ya bi diddigin yadda Ingilishi suka ɗora mulkinsu a Arewa daga 1897 zuwa 1914. Abdullahi Mahadi ya ɗauki sarautar Kano da tattalin arzikinta. Waɗansu daga cikinsu sun tsaya koyarwa nan sashen, almajiran jiya suka zama abokan aiki, ana zama taro ɗaya ana gardama. Mutum 3 daga cikinsu sun shugabanci jami'o'i: Mahdi Adamu a Sakkwato, Nur Alkali a Maiduguri, Abdullahi Mahadi kuwa a Zariya ita kanta.

DAGA GAYA ZUWA DALA

Maƙalarsa wadda ta fi shafar mutanen ƙasar Kano ita ce ta 1970, a kan yadda sarautu suka kafu a ƙasar Hausa. Kowa ya san labarin Bayajida, ɗan sarkin Bagadaza, wanda aka ce ya biyo ta Barno ya iso Daura, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, zuriyarsa suka kafa Hausa Bakwai. Turawan farko sun karɓi irin labarin nan hannu biyu, don ya dace da abin da su ke so su gaskata, wai baƙar fata ba ya iya kafa mulki sai wani baƙo ya zo daga gabas ya kafa masa. Smith bai yarda labarin ya isa ya bayyana asalin Hausawa da sarautunsu ba. Abin da ya nema shi ne a auna shi tukuna, yadda alƙali ya kan auna shaida kafin ya yanke hukunci.

Mu ma muna iya gwada awon nan ba tare da mun bar gida ba. Labarin da kansa ya ce Bayajida ya tsaya a Gaya, maƙwabciyar Wudil, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar da ita. Ya ce kuma ya tarar da Daura gari ne mai sarauniya. To, ashe kafin baƙo ya iso akwai ƙira, akwai gari, akwai sarauta. Labarin Kano kuma ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka zo gindin Dala neman tama suka zauna. Masu tonon ƙasa kuwa sun sami alamar an narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, shekaru ɗaruruwa kafin Bagauda, wanda bisa ga lissafin Palmer ya hau sarautar Kano cikin 999.

Abin da Smith ya kawo maimakon labarin baƙo shi ne bayanin yadda zaman jama'a ya ke girma daga cikin gida. Da fari gidaje ne na dangi, kowane da maigidansa, su taru su zama ƙauye. Inda akwai wani abu mai jawo baƙi, kamar ƙasa mai albarka, ko tama, ko mahaɗar hanyoyin fatake, ko dutsen da mutanen dā su ke girmamawa saboda iskoki, irin Dala da Kufena da Kwatarkwashi, sai ƙauye ya zama gari. A gari kuwa zumunta ba ta isa ta riƙe mutane, tun da ba kakansu ɗaya ba, tilas a sami mai gari, kowace sana'a kuma da shugabanta. Garin da ya fi ƙarfi ya ja ganuwa ya zama birni, mutanen karkara su riƙa fakewa cikinsa in yaƙi ya taso, su kuwa su biya da haraji da biyayya. Nan ne sarki ya ke fitowa, da masu sarautarsa, da ƙasarsa.

Wanda ya ke son ganin farkon wannan al'amari da idonsa, ya tsaya bakin gadar Wudil ran Juma'a. Ga kogi da kifinsa da fadamarsa, ga hanyar da ta taso daga Kano, wajen mil 25, ta miƙe gabas, ga kara cike da shanu, ga Fulani da Barebari da fataken Kudu da dillalai da mahauta da masunta, kowa da harshensa, ciniki ya haɗa su. Ba wani ɗan sarkin Bagadaza da ya tara mutanen nan. Ruwa da hanya da kasuwa suka tara su, taron ne kuma ya ke bukatar sarkin kasuwa da alƙali da hakimi. Malamin da ya kai 'yan ajinsa wurin nan ya nuna musu, ya koyar da maƙalar 1970 ko da bai taɓa ganinta ba.

Ba mu ce duk abin da ya faɗa ya zauna daram ba. Shi yana ganin kakannin Hausawa daga arewa suka gangaro sa'ad da Sahara ta bushe. Cikin 1979 John Sutton, wanda shi ma ya koyar a Zariya, ya rubuta cewa a ganinsa Hausa daga gabas ta bazu zuwa yamma, daga wajajen Haɗeja da Daura da Kano. Almajiransa ma ba su zama aku ba. Bala Usman ya ɗauki ma'aunin da aka auna Bayajida da shi, ya auna abin da Barth ya rubuta a kan Katsina, ya kuma auna al'adar nan ta raba kowane tarihi gida biyu a ce Haɓe da Fulani. Malamin kirki ba ya jin zafin haka, don ma'aunin ya ba su, bai ce su tsaya inda ya tsaya ba.

DAGA SMITH ZUWA ABDULLAHI

Cikin 1967 ya karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan Abdullahi. Ya kuma zama ɗan Nijeriya bisa doka. Cikin 1970 aka sa harsashin Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardauna Sir Ahmadu Bello ya zauna har ran da aka kashe shi, 15 ga Janairu 1966. Malam Abdullahi ne darektansa na farko. Wurin ya zama ma'ajiyar takardu da cibiyar bincike, yana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Cikin 1975 aka yi babban taron masana a Sakkwato a kan tarihin daular. A nan ya karanta takardar da ya yi kira ga jami'o'inmu su dubi manufar ilmi irin ta malaman jihadi, waɗanda ba su raba karatu da gyaran hali da gyaran jama'a ba, maimakon su kwaikwayi jami'o'in Turai ido rufe. Wanda ya tattara takardun taron nan aka buga su cikin 1979 shi ne almajirinsa, Bala Usman.

MAKOKIN DA YA AMFANA

Allah ya yi masa rasuwa cikin 1984, yana da shekara 60 da 'yan kai. Aka yi baƙin ciki aka yi addu'a kamar yadda a ke yi wa kowa. Amma da aka share hawaye sai ga wata matsala. Yawancin abin da ya rubuta maƙaloli ne a warwatse, wannan cikin mujallar Badun, wancan cikin littafin haɗin gwiwa da aka buga a Ingila, waɗansu kuwa takardun taro ne da ba su wuce hannun waɗanda suka halarta ba. Ƙarfinsa ya tafi wajen duba aikin ɗalibai da gina wuraren bincike. Da an bar abin haka, da bayan shekara 20 sai sunansa ya rage a bakin tsofaffi, ɗalibi kuwa ya nemi abin da zai karanta ya rasa.

Mutanensa ba su bari ba. Suka kafa cibiyar binciken tarihi a Zariya suka sa mata sunansa. Suka bi maƙalolin nan ɗaya ɗaya suka tattara, cikin 1987 suka buga su littafi guda mai suna A Little New Light, watau ɗan ƙarin haske. Sunan ma daga kan wata maƙalarsa suka ɗauko shi, wadda ya yi a kan rushewar daular Oyo. Wannan shi ne ta'aziyyar da suka yi wa jama'a duka, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin.

Ku dubi kuma yadda alheri ya ke biyo mai shi. Bala Usman ya rasu ran 24 ga Satumba 2005. Cikin 2006 cibiyar nan mai sunan malaminsa ta buga zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa na tarihi, watau abin da aka yi wa malami shi aka yi wa almajiri. Mahmud Tukur kuwa ya rasu cikin 1988, babban aikinsa na digiri bai fito littafi ba sai cikin 2016, bayan shekara 28. Duk tsawon lokacin nan sai mai hanyar zuwa ɗakin karatu na jami'a ya ke ganinsa. Wannan ya nuna mana in ba a gaggauta ba, tsara guda ta kan wuce ba ta amfana ba.

Kada wani ya ce wannan al'adar boko ce. Tamu ce tun dā. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukhi, ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya karanta gun kowane, shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin da muka san su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Waziri Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu cikin 1837, ta lissafta halayensa don na baya su san abin da za su kwaikwaya. Mutanen nan sun yi kuka, amma sun yi shi da alƙalami a hannu, shi ya sa Smith ya zo bayan shekara 100 da ɗoriya ya sami abin karantawa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba kowane malami ne shaihun jami'a ba, kuma ba kowa ke da halin kafa cibiya ba. Amma akwai abubuwa 5 waɗanda ba su fi ƙarfin malamin firamare ko akawun ofishin hakimi ba.

Na farko, kada mu jira mutuwa. Wanda ya ke da tsohon malami da rai, ya sayi littafin rubutu guda ya je gaishe shi. Ya tambaye shi inda aka haife shi, wurin wa ya yi karatun allo, wace shekara ya shiga elemantare, su wa suka koyar da shi a kwaleji, garuruwa nawa aka kai shi aiki. A rubuta ranar da aka yi hirar da sunan wanda ya faɗa. Tsofaffin ɗaliban kwalejin Wudil suna raguwa kowace shekara, kowane kuwa ya tafi da abin da ba shi cikin fayil.

Na biyu, in malami ya rasu, littattafansa dukiyar magada ce, ba mai ikon ɗaukar ko warƙa guda sai da yardarsu. Amma almajiri yana iya neman izni ya zauna ya jera sunayensu kafin rabo. Abin da za a fi kula da shi shi ne littattafan hannu na cikin gafaka. Irin waɗannan ba ɗinke su ke ba, warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi, in an raba su tsakanin 'ya'ya don kowa ya sami albarka, to, littafin ya mutu, ba wanda ya sami kome. Gara a yi masa kuɗi ya faɗa rabon mutum ɗaya, ko magada su yarda a bar shi wakafi.

Na uku, ajiya. Kada adaka ta zauna a ƙasa ko ta jingina da bango, a ɗora ta bisa benci nesa da inda ɗaki ya ke yoyo. A sa busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda ƙwari. Da rani a fito da takardun su sha iska a inuwa. Kada a liƙe wadda ta yage da gam, kada kuma a yi gyara a kanta da biro. Aikin da ma'aikatan Smith su ke ɗaukar kaya niƙi-niƙi su yi, yau wayar da ke aljihun kowa tana yinsa. A ɗauki hoton warƙoƙi bi da bi, a fara da takardar da ta faɗi sunan littafin da mai shi da garinsu, a ajiye kofe a wuri 2.

Na huɗu, wannan naku ne ma'aikatan ofis, magadan malaman En'e. En'e ta shuɗe, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babinta, amma ta bar takardu: littattafan haraji da na jangali, rajistar kotun alƙali, wasiƙun hakimi zuwa birni, da littafin da hedimasta ya ke rubuta abin da ya faru a makaranta kullum. A idon mai share sito tarkace ne. A idon mai bincike kuwa nan ne za a san yawan mutanen ƙauye a shekara kaza, da yawan shanun da suka biya jangali, da shekarar da fara ta sauka, da wadda agana ta hana yara zuwa makaranta. Kafin a ce a ƙone don a sami wurin ajiye siminti, a sanar da shugaban ofis, a rubuta wa Gidan Arewa, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa.

Na biyar, a tuna tarihi ba a gidan sarauta kaɗai ya ke ba. A Wudil akwai gidajen masunta, da na dillalan shanu, da na maƙera, kowane da labarin inda kakanninsa suka fito da abin da ya zaunar da su bakin kogin nan. Malamin tarihi ko na Hausa yana iya ba kowane ɗan aji aikin hutu ya rubuto shafi 2 daga bakin kakansa. A shekara guda makaranta ɗaya za ta tara abin da ba shi cikin kowane ɗakin karatu. Amma a koya wa yara awo tun da wuri: wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji, me zai sa ya ƙara ko ya rage?

Mun san wani zai ce albashi bai kai ƙarshen wata ba, ina zancen tsofaffin takardu? Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma kuɗin littafin rubutu da biro bai kai abin da mu kan kashe a mota zuwa gaisuwar mutuwa ba, ita gaisuwar kuwa ba ma fasa ta. Malaman da suka koyar da mu su ma ba su yi arziki da alli ba, duk da haka ba su rage mana mudu ba.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi Smith, da Waziri Junaidu wanda ya bi shi cikin 1997, da Mahmud Tukur, da Bala Usman, da sauran abokan aikinsu da suka riga mu. Allah ya jiƙan malamanmu na Wudil da na ko'ina, na zaure da na aji, waɗanda sunansu bai shiga littafi ba tukuna. Ya sa ilmin da suka bari ya zama sadaka mai gudana a gare su, mu kuma ya ba mu ikon sauke bashin da ke kanmu tun muna da sauran lokaci, amin.